Kafin iyali su biya kuɗin hutu a jirgin ruwa, a fara duba shekarun auta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin iyayen da ke tunanin kai iyalansu hutu a manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda mutum ke kwana a cikinsu, ya ci ya sha, suna zagayawa da shi daga wannan tasha zuwa waccan har su dawo da shi inda suka ɗauko shi. Tallan kamfanonin da ke wannan harka ya cika intanet, kuma kusan dukansu hoto ɗaya suke nunawa: shuɗin teku, yara suna tsalle cikin ruwa, iyaye na kishingiɗe suna murmushi. Wanda ya tsaya a kan hotunan zai ɗauka duk kanwar ja ce, sai ya zaɓi mafi araha ko mafi girma. Ni kuwa a ganina, ga iyalin da ke da ƙananan yara, shekarun auta a ranar da jirgi zai tashi su ne ya kamata su yanke hukunci, domin a kan shekarun yara ne ƙa'idojin kamfanonin suka fi shan bamban, kuma wannan bambancin ne ba a cika bugawa da manyan baƙaƙe a talla ba.

Tun daga bakin ƙofa ake fara tankaɗe da rairaya. Manyan kamfanonin da suka fi ɗaukar iyali, irin su Royal Caribbean da Carnival da Disney da Norwegian, ba sa karɓar jaririn da bai cika wata shida ba a ranar shiga jirgi, kuma idan tafiyar ta haɗa da tsallaka babban teku, kamar daga Turai zuwa Amurka, sai ya cika shekara guda. Dalilin a bayyane yake: ƙaramin asibitin da ke cikin jirgi ba a shirya shi don jinyar jarirai ba, kuma jirgin da ke tsakiyar teku yana iya yin kwanaki kafin ya isa gaɓar da ke da babban asibiti. Saboda wannan dalilin ne yawancinsu ba sa ɗaukar matar da cikinta zai shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, abin da ya kamata a yi lissafinsa da kyau tunda galibi watanni da yawa kafin tafiya ake biyan kuɗi. Akwai ma kamfanonin da ba sa ɗaukar yara kwata-kwata, kamar Virgin Voyages da Viking, waɗanda sai mai shekara 18 zuwa sama ke shiga jiragensu.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne kan shekara uku. Kowane ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan masu ɗaukar iyali yana da zauren yara, inda ma'aikata ke kula da su, a yi wasa da zane da raye-raye, iyaye kuma su samu sa'o'in da za su huta, kuma a mafi yawan lokutan yini ba a biyan ƙarin kuɗi domin wannan hidima. Wannan zauren shi ne ainihin abin da ke mayar da tafiyar hutu ga uwa da uba. Amma a Royal Caribbean sai yaro ya cika shekara uku cif, kuma ya daina sa kunzugu, ya iya shiga banɗaki da kansa, kafin a karɓe shi. Norwegian ma daga shekara uku take karɓa, waɗanda ba su kai ba kuwa akwai ɗakin wasa da aka tanadar musu, sai dai dole babba ya zauna tare da su, wato uwa ta bar rainon gida ta koma rainon jirgi. Disney ita ma zaurenta na kyauta daga shekara uku yake farawa. Carnival ce ta fita daban a nan, domin tana karɓar yara a zaurenta tun daga shekara biyu.

A yi tunanin yaro ɗan shekara biyu da wata goma, mai wayo, mai baki, wanda a gida tare da yayarsa 'yar shekara biyar yake komai. A ranar farko an kai su ƙofar zauren, ma'aikaciya ta duba kwamfuta inda ranar haihuwarsa take rubuce kamar yadda take a fasfo, ta ɗaura wa yayar abin hannu mai ɗauke da sunanta, ta buɗe mata ƙaramar ƙofa, shi kuma ta durƙusa ta yi masa murmushi ta ce sai wani lokaci. Yana hango kayan wasa ta saman ƙofar, yana jin muryar yara a ciki. Daga wannan lokacin har ranar sauka, kullum aka kai yayar sai an sha kuka, kuma kullum ɗaya daga cikin iyayen yana riƙe da shi. Roƙo ba ya amfani a nan, domin ma'aikaciyar ba ta da ikon sauya ƙa'idar. Iyalin da suka ɗage tafiyarsu da wata uku, ko suka zaɓi kamfanin da ke karɓar ɗan shekara biyu, sun sayi wani hutu dabam da kuɗi kusan ɗaya.

Ga waɗanda ba su kai wannan matakin ba, abin tambaya shi ne ko jirgin yana da ɗakin raino. Duk jiragen Disney suna da shi, daga wata shida zuwa shekara uku, haka ma yawancin jiragen Royal Caribbean. Sai dai biya ake yi kowace sa'a, guraben ba su da yawa, kuma lokutan da kowa ke so, musamman lokacin cin abincin dare, su ne ke fara cika, don haka wanda bai nemi gurbi da wuri ba zai tarar an riga shi. MSC, kamfanin da ke da hedikwata a Janiba kuma ya fi ƙarfi a Turai, ya haɗa gwiwa da Chicco wajen kayan jarirai da LEGO wajen ɗakunan wasan yara, amma a nan ma ya kamata a tambaya dalla-dalla ko a jirgin da za a hau ana barin jariri a hannun ma'aikata ne ko sai da mai kula da shi, kuma a waɗanne sa'o'i.

Sai batun ruwa, wanda shi ne yara suka fi ɗoki. Jiragen da ke tsayawa a tashoshin Amurka suna ƙarƙashin ƙa'idojin tsafta na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, kuma waɗannan ƙa'idoji sun hana yaron da ke sa kunzugu shiga wurin ninƙaya na kowa da kowa, ko da kuwa kunzugun na shiga ruwa ne. Sai dai idan jirgin yana da keɓaɓɓen wurin fantsama ruwa na jarirai mai nasa tsarin tace ruwan. Jiragen Disney suna da irinsa, wasu jiragen Royal Caribbean ma haka, amma jirage da yawa ba su da shi, kuma ba ƙaramin aiki ba ne a shawo kan yaro ɗan shekara biyu ya haƙura da ruwan da yake gani a gabansa mako guda cur. Dogayen bututan nan kuwa da ake sulu a cikinsu a faɗa ruwa, waɗanda su ne kan gaba a kowane hoton talla, suna da ma'aunin tsawo a bakinsu, galibi tsakanin santimita 107 da 122, wanda ke nufin yaro ɗan shekara uku ko huɗu zai tsaya ne a ƙasa yana kallo. Wanda 'ya'yansa duk ba su kai shekara biyar ba, idan ya biya ƙarin kuɗi saboda waɗannan bututan, ya biya wa 'ya'yan wasu ne. Ya kamata kuma a tambaya ko akwai masu ceto da ke tsaye a bakin ruwa: Disney ta sa su tun 2013, Royal Caribbean da Norwegian suka biyo baya a 2017. Kasancewarsu ba ta ɗauke wa iyaye nauyin sa ido ba, ko na ɗan lokacin da za a juya a ɗauko tawul.

Wannan ya kawo ni ga kuskuren da na ga mutane suna yawan yi, wato zaɓar sunan kamfani a maimakon zaɓar jirgi. Kamfani ɗaya yana iya mallakar jirage sama da ashirin waɗanda aka ƙera a zamunna daban-daban. Royal Caribbean ce ke da Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, mai tsawon kusan mita 365, mai ɗaukar fasinjoji har 7,600, kuma a cikinsa aka ware unguwa guda mai suna Surfside domin iyalai masu ƙananan yara. Ita ce kuma ke da Grandeur of the Seas, wanda aka ƙera a 1996, wanda fasinjojin da yake ɗauka ba su kai rabin na wancan ba. Tambarinsu ɗaya, amma abin da yaro zai samu a cikinsu ba ɗaya ba ne. Kuma kada a ɗauka babba kullum shi ya fi. A jirgin da ya kai mita 365, tafiya daga ɗaki zuwa wurin cin abinci da yaro mai jin barci a kafaɗa tafiya ce ta gaske, kuma mai tura keken jariri ba ya hawa matakala, sai ya jira lif, wanda a lokacin cin abinci ko lokacin sauka a tasha yana iya wuce shi a cike sau da yawa. Ni dai da ƙananan yara na fi karkata ga matsakaicin jirgi sabo, wanda wuraren yara suke kusa da juna, a kan katafaren jirgin da rabin abubuwan cikinsa na matasa ne.

Ɗakin kwana shi ne abin da aka fi raina wa hankali lokacin biya, a zo a fi jin jiki a kansa. Ɗaki na yau da kullum a waɗannan jirage bai cika wuce murabba'in mita 15 zuwa 18 ba, har da banɗaki. Idan aka buɗe kujerar da ke zama gado, aka sauko da gadon da ke maƙale a rufi, aka kafa gadon jariri a ɗan filin da ya rage, to hanyar zuwa banɗaki sai a karkace. Da ƙarfe takwas na dare yara sun yi barci, an kashe fitila, iyaye kuma suna zaune a bakin gado cikin duhu suna magana da raɗa, kiɗa na tashi daga benen sama, ba damar fita domin ba a barin yara su kaɗai. A nan ne darajar baranda take bayyana, domin ita ce kaɗai wurin da babba zai zauna ya sha iska alhali yana jin motsin yara. Dokar Amurka ta 2010 kan tsaron jiragen yawon shaƙatawa ta wajabta cewa shingen gefen jirgi kada ya gaza inci 42, kimanin santimita 107, amma yaron da ya ja kujera ya taka ya rage wannan tsawon da rabi, saboda haka a kulle ƙofar baranda, kada kuma a bar kujera kusa da shinge. Disney ta yi wa iyaye wani tanadi da ya cancanci yabo: yawancin ɗakunanta suna da bahon wanka, an kuma raba wurin wanka da wurin bahaya, ga labule mai raba gadon iyaye da na yara. A sauran jiragen shawa ce kawai a yawancin ɗakuna, sai a taho da ƙaramin bahon roba da ake hura wa iska. Iyalin da suka kai mutum biyar su sani cewa yawancin ɗakuna mutum huɗu suke ɗauka, kuma jariri ma mutum ɗaya ne a lissafi, domin yawan fasinjoji yana da alaƙa da guraben kwale-kwalen ceto. Mafita ita ce ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, waɗanda ba su da yawa kuma suna saurin ƙarewa. Wanda ke tsoron jiri da tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi.

Game da kuɗi, farashin da ake gani a talla somin taɓi ne. Ana ƙara harajin tashoshi, sannan manyan kamfanonin Amurka suna ɗora kuɗin tukuicin ma'aikata na kimanin dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum kowace rana a ɗakuna na yau da kullum, wato iyali mai mutum huɗu a tafiyar dare bakwai za su biya tsakanin dala 448 da 560 a wannan kaɗai. Wasu kamfanonin suna yafe wa ƙananan yara wannan kuɗin, wasu kuwa har jariri sai an biya masa. Bayan haka ga kuɗin intanet, ga na lemo, ga na yawon da ake kai mutane idan an sauka a tasha, ga na ɗakin raino. Tallan da ke cewa yara za su hau kyauta, wanda MSC ta yi suna a kansa, gaskiya ne a wasu tafiye-tafiye, amma haraji da kuɗin tasha suna nan, sharaɗin kuma shi ne yaran su kwana ɗaki ɗaya da manya biyu da suka biya cikakken kuɗi, kuma ba kowane lokacin hutun makaranta ake samun rangwamen ba. Disney ta fi sauran tsada nesa ba kusa ba, ko da yake lemo a wuraren cin abinci yana cikin farashinta. Ko ta cancanci wannan tsadar? Ga yaro ɗan shekara huɗu zuwa takwas da ya san 'yan wasan finafinan zane na Disney, ina ganin akwai hujja. Ga jaririn da ba zai tuna komai ba, hujjar ita ce sauƙin da iyaye za su samu, sai kowa ya auna da aljihunsa.

A wajen cin abinci ma tsarin ya bambanta. Norwegian ba ta ƙayyade lokaci, iyali su je lokacin da yaro ya ji yunwa. A Disney ana zagaya ɗakunan cin abinci uku, amma masu hidimar da aka ba iyali suna bin su duk inda suka koma, har su san abin da kowane yaro ke ci da abin da ba ya so. Inda ake zaman cin abincin dare sau biyu, na farko da na ƙarshe, a nemi na farko tun lokacin biya, domin na ƙarshe yana kaiwa lokacin da yara sun gaji sun fara rigima. Iyalin da ke da abincin da ba sa ci, saboda lafiya ko saboda addini, su sanar da kamfani a rubuce makonni kafin tafiya. Wanda kuma ya damu da yanayin da 'ya'yansa za su gani ya san cewa a yawancin manyan jirage akwai gidan caca a tsakiyar hanyar da ake bi kullum, jiragen Disney ba su da shi, haka ma Aroya, jirgin Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, wanda ba a sayar da giya a cikinsa.

Hanyar da jirgi zai bi tana da nauyi kusan daidai da jirgin kansa. Zagayen Tekun Bahar Rum yana da daɗin ji: Basalona, Roma, tsibiran Girka. Amma jirgin da aka ce zai tsaya a Roma a Civitavecchia yake tsayawa, kimanin kilomita 80 daga birnin, wato sa'o'i a mota zuwa da dawowa, sannan a yi yawon kallon tsofaffin gine-gine cikin zafin Yuli da Agusta da yaron da ba ruwansa da tarihin Rumawa. A Santorini, ɗaya daga cikin tsibiran Girka, jirgi ba ya matsowa gaɓa, sai an sauka cikin ƙananan jirage, daga nan a bi dogon layin motar igiya ko a hau matakala kusan 600. Tsibiran da kamfanoni suka keɓe wa fasinjojinsu a Bahamas, irin su Castaway Cay na Disney da CocoCay na Royal Caribbean da Ocean Cay na MSC, sun fi dacewa da ƙananan yara, domin jirgi yana jingina da gaɓa, a taka a sauka, ruwan bakin teku ba zurfi, idan lokacin barcin rana ya yi a koma ɗaki. Abin lura shi ne daminar mahaukaciyar guguwa a wannan yanki na Karebiyan daga 1 ga Yuni take zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, kuma kyaftin yana da ikon sauya hanya ko tsallake tasha ba tare da an mayar wa kowa kuɗinsa ba. Gajerun tafiye-tafiye na dare uku a ƙarshen mako suna da araha, kuma suna da kyau don gwaji, amma su ne suka fi jan masu zuwa shagali har asuba.

Ya Edita, ka ba ni dama in taɓo takardu da lafiya a taƙaice. Kowane yaro yana buƙatar fasfonsa, kuma ya danganta da fasfon da mutum ke riƙe da shi, ana iya buƙatar biza ta kowace ƙasar da jirgi zai tsaya ko da mutum ba ya da niyyar sauka. Kamfani yana da ikon hana shi hawa idan ba ta cika ba, kuma ba lallai a mayar masa da kuɗi ba. Idan ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai zai yi tafiya da yara, ya riƙe takardar amincewar ɗayan. Ganin likitan jirgi ba ya cikin kuɗin tafiya, yana da tsada, ɗauke mara lafiya daga teku zuwa asibiti kuwa ya fi tsada ƙwarai, don haka inshorar tafiya da ta haɗa da wannan ba abin sakaci ba ce. A taho da isasshen kunzugu da madarar jariri da magungunan da yaro ya saba da su, domin shagon jirgi ba abin dogaro ba ne. Cutar amai da gudawa ta norobairos tana saurin yaɗuwa inda mutane suka cunkushe, kuma wanke hannu da sabulu ya fi man shafawa na kashe ƙwayoyin cuta tasiri a kanta. Hukumar CDC tana kai wa jiragen da ke shiga tashoshin Amurka binciken ba-zata, ta ba su maki bisa 100, wanda ya samu 85 ko ƙasa da haka ya faɗi, kuma sakamakon a buɗe yake ga kowa a intanet, jirgi bayan jirgi.

Bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara doka ta yadda dole a nuna wa fasinjoji wurin taruwarsu na gaggawa kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Iyaye su ɗauki wannan da muhimmanci, su tabbatar akwai rigar ceto daidai jikin kowane yaro har da jariri, su kuma tambayi ma'aikatan zauren yara yadda ake haɗa yara da iyayensu idan ƙararrawa ta kaɗa alhali ba sa tare. Waɗannan ƙa'idoji na shekaru da na kuɗi kuwa kamfanoni suna sauya su lokaci zuwa lokaci, saboda haka duk abin da wakilin tafiye-tafiye ya faɗa da baki, a nemi ya turo shi a rubuce, da sunan jirgin da ranar tashinsa da ranar haihuwar kowane yaro, kafin a biya kafin alƙalami. A kuma isa garin da jirgi zai tashi kwana guda kafin ranar, domin idan jirgin sama ya yi jinkiri, na ruwa ba ya jiran kowa.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Wani uba, mai karanta jaridarku a kullum